Ruwan da Na Bari Yana Gudu

Tun bara kuke tambayata abin da ya sa na daina sa hannu a akushi ɗaya da mazan gidan nan. Na ce wa Nasiru likita ne ya hana ni tuwon shinkafa. Da Hadiza ta zo ganin gida na ce mata haƙorana ne suka yi rauni, ba na son a ga yadda nake tauna. Duka biyun ƙarya ce, kuma uwarku ta sani, tunda daga tukunya ɗaya take kwashe nawa da naku. Dalilin ya girmi kowannenku. Ba za ku gane shi ba sai na fara gaya muku yadda kakanku yake tafiyar da gidansa a Aliero, da kuma wane ne Garba, wanda kuka tashi kuna jin sunansa a bakin manya ana yamutsa fuska.

Baba manomin albasa ne, karatunsa bai yi zurfi ba, amma ya zauna gaban wani malami a Jega yana saurayi, kuma ya dawo da ɗabi'a ɗaya da ta wahalar da mu duka: ba ya yarda a yi wa ɓarna suna na gaba ɗaya. Yau in ɗayanku ya fasa abu sai ya ce "sori, mistek ne," a wuce wurin. Mu a lokacinmu abin da ake fakewa da shi shi ne "ba da gangan ba ne." Baba in ya ji wannan sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Wanga ba magana ba ta," in ji shi. "Buhu na, komi ana zubawa ciki. Hiddo min abin da ke ciki in gani."

Kalmomi huɗu yake karɓa. Ta farko tsautsayi, wato abin da duk kulawar da ka yi ba za ta tare shi ba, kamar ranar da jakinmu ya zurma ƙafa a ramin gafiya yana ɗauke da taki. In an tabbatar tsautsayi ne sai a ce Allah ya kiyaye gaba, kuma duk wanda ya sake tayar da zancen shi ne mai laifi. Ta biyu kuskure: hankalinka yana wurin, niyyarka mai kyau ce, sai ido ko hannu ya kauce. Na taɓa yafa irin farar albasa a wurin da aka gyara don ja, saboda ƙullin biyun iri ɗaya ne. Mai kuskure gyara kawai zai yi, ba a yi masa faɗa. Ta uku sakaci, ita ce ka san abin da ya kamata ka yi amma ka bar hankalinka ya tafi yawo, kamar barin ƙofar garke a buɗe awaki su shiga rumbu. Mai sakaci zai gyara, sannan ya tsaya a zaure gaban kowa ya faɗi da bakinsa cewa sakaci ya yi. Ta huɗu ganganci. A bakin Baba ganganci bai tsaya ga wanda ya ƙulla niyyar cuta ba, ya haɗa da wanda ya ga ɓarnar tana tahowa, yana da ikon tare ta, ya naɗe hannu. Hukuncinsa ɗaya ne: za a zuba maka abincinka a kwano daban, ka ci kai kaɗai a bakin zaure, har ranar da wanda ka cuta ya kira sunanka ya ce ka zo ku ci.

Inna ta sha ƙoƙarin shigar da ta biyar, wato mantuwa, musamman in miya ta ƙone. Baba ya ce mantuwa ba ta da ɗakin kanta, in an bincika ko dai a ɗakin kuskure ta kwana ko a na sakaci, kuma mai ita ya san wanne. Ƙaddara kuwa ya hana mai ɓarna ya taɓa ta sam. Ya ce kalma ce ta wanda abin ya faɗa wa, da ita zai rarrashi zuciyarsa, ba ta wanda abin ya fito daga hannunsa ba. Sai doka ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi kowacce nauyi: a gidanmu ba a nuna yatsa. Ko ka ga wanda ya yi da idonka, ba kai za ka faɗa ba. Baba zai tara mu bayan la'asar ya ajiye abin da ya lalace a tsakiya, ya yi tambayarsa ta kullum, "Wa ay yi, kuma wace ta?" Mai abin ne zai buɗe baki ya zaɓi kalmarsa. In ya zaɓi wadda ta yi masa sauƙi, Baba ba zai ce komai ba, zai dai zuba masa ido har ya hau mataki na gaba da kansa.

Mu uku muka tashi a ƙarƙashin wannan doka. Yaya Bala shi ne babba, mai ƙarfi da saurin fushi. Sai ni, Usmanu, da ake kira Manu, wanda aka sa boko. Sai Garba, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar Baba. Mahaifinsa mutumin Kuberi ne, ya rasu Garba yana tatata, Baba ya ɗauko shi ya haɗa da mu, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Da yake ɗan mace ne mu 'ya'yan namiji, taubashinmu ne, kuma bai taɓa barin wannan dama ta wuce shi ba. Ni yana kirana Akawu, yana cewa in na riƙe fartanya kamar mai neman inda zai sa hannu a takarda. Yaya Bala kuwa kullum sai ya tsokane shi a kan albasarsa. Kowa ya san wasa ne, har Baba yakan yi murmushi ya ce a ƙyale bawan gida ya yi haushinsa, don a wasan taubasai ɗan mace ake kira bawa.

Shekarar da nake son ku sani ita ce rani na biyu bayan an yanke mana Jihar Kebbi. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a lokacin hankalinsa ya koma kan aikin gwamnati, ana ta cewa za a buɗe ofisoshi, za a ɗauki ma'aikata a Birnin Kebbi da ƙananan hukumomi. Ni ma na kai takarduna Maiyama, ina jiran a kafe sunaye. Baba bai hana ba, amma ya ce ba zai sake ni ba sai ya ga na fitar da albasar bana lafiya, don wanda bai iya kula da fangali goma na gonar rani ba bai kamata a ba shi ofis ba. A wannan ranin ne kuma muka fara amfani da injin ban ruwa, guda ɗaya tsakaninmu mu uku, kowa da ranarsa. Gonakinmu a jere suke a fadama, hanyar ruwa ɗaya ta ratsa su. Kana buɗe wa fangali da fartanya, in ya sha ka toshe da laka ka buɗe na gaba, kuma ba a barin ruwa yana gudu ba mutum a kansa.

Ku da ba ku yi noman ba ku fahimci abu ɗaya. Albasar da za a ajiye, in ganyenta ya fara kwanciya sai a yanke mata ruwa kwana goma ko fiye, wuyanta ya bushe, sannan a cire. In ta sha ruwa a cikin waɗannan kwanaki, a ido ba za ka ga komai ba, amma ba ta ajiyuwa. Irin wannan sai dai a kai ta kasuwa nan take. Wadda ta bushe da kyau ita ake zubawa a rudu, wato ɗan dandamalin kara da ake ɗagawa daga ƙasa a lulluɓe da ciyawa, ta zauna har damina lokacin da take daraja. Yaya Bala ya riga mu dashe a shekarar, tasa ta nuna da wuri, ta yi kyau irin wanda mutane ke tsayawa a kan hanya suna kallo. Ya yanke mata ruwa, ya toshe bakin hanyarsa, ya tafi Katanga zaman makokin surukinsa na kwana uku. Kafin ya tafi, a majalisa gaban mutane, Garba ya ce masa:

"Yaya, tahi abinka. Albasar ga taka da ka ka taƙama da ita, in ta ga damina ka canza min suna."

Aka yi dariya, Yaya Bala ya jefe shi da ɓawon gyaɗa, aka watse.

Kashegari ranar Garba ce a inji. Ya gama nasa da wuri, bayan azahar ya same ni a gindin mangwaro ya ce tawa ta fara yaushi, in karɓi sauran ranar, shi zai je ya yi aski. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Na tayar da inji na buɗe fangalina na farko. Ban fi rabin sa'a ba sai na hango wani abokin karatuna ya tsaya da babur a bakin titi yana ɗaga mini hannu, daga Maiyama yake. Na san labarin sunaye ya kawo. Na dubi injin, na ce a raina minti biyar ba za su yi komai ba, na ajiye fartanya na ruga. Sunana ya fito. Muka tsaya yana ba ni labarin wa aka ɗauka wa aka bari, wane ofis ne ke da fanka, wane shugaba ne mai faɗa. Da na dawo rana ta karkata. Fangalina ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi hanya ya ci toshiyar Yaya Bala, ya shiga gonarsa ya kwanta. Fiye da rabinta tana ƙyalli kamar an shimfiɗa madubi.

Na kashe inji na tsaya ina kallo. Na san kalmar tun ban motsa daga wurin ba. Ba tsautsayi ba ne, don da ina tsaye da na gani. Ba kuskure ba ne, don ba hannuna ne ya kauce ba, ƙafafuna ne suka tafi da ni titi. Sakaci ne tsantsa, irin wanda ake tsayawa a zaure a faɗa, a makon da sunana ya fito, gaban Baban da ya ce sai ya ga yadda na kula da fangali goma. Kuma na san maganin abin, wannan shi ne ya fi ci mini rai har yau. Da na gaya wa Yaya Bala ranar da ya dawo, da ya yi mini faɗa, wataƙila ya kai mini mari, sannan ya ƙara mata kwanaki ko ya kwashe ta zuwa kasuwa. Da asarar ba ta wuce ta riba ba. Maimakon haka sai na gyara toshiyar, na debo busasshiyar ƙasa na watsa a kanta don kada a ga sabuwar laka. Zafin bazara ya yi mini sauran aikin, kafin kwana biyu saman ƙasa ya bushe ƙamas.

Da aka zo cira ina cikin masu taya shi. Wani daga cikin 'yan ƙwadago ya ce ƙasar tana da danshi daga ciki. Yaya Bala ya murza ta a hannu ya ce ai fadama ce, gefen nan dama yakan riƙe sanyi. Ina tsugune kusa da shi, taku biyu tsakaninmu, na ci gaba da yanke ganye. Da hannuna na taya shi jera ta a rudu uku, na miƙa masa ciyawar da aka lulluɓe ta.

Wari ne ya fara tona abin, wata biyu bayan haka, ana gab da ruwan farko. Da aka yaye ciyawar, albasar da ke sama lafiya lau, ta ƙasa kuwa ta narke, baƙin ruwa yana ɗiga ta tsakanin kara. Rudu biyu sun tafi gaba ɗaya, na ukun aka tsinci abin da bai kai a ambata ba. Da ita Yaya Bala ya yi niyyar rufe ɗakunan da ya gina da kwano kafin damina, iyalinsa su tashi daga tsohon ɗakin da ke yoyo. Na ga babban mutum ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Baba ya ɗauki guda ɗaya ya tsaga da wuƙa, ya duba wuyan, ya sunsuna.

"Wagga ta sha ruwa bayan an yanke mata," in ji shi. "Bayan la'asar kowa shi zo zaure."

Aka ajiye ruɓaɓɓiyar albasar a faranti a tsakiyarmu. Inna da Gwaggo Hajo suna tsaye daga bayan ƙofar ciki. Lissafin bai yi wuya ba: kwana uku Yaya Bala ba ya nan, a cikinsu rana ɗaya ce inji ya yi aiki a wannan gefen, kuma ranar Garba ce. Baba ya yi tambayarsa. Ba wanda ya amsa. Garba ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kallon mai jiran ɗan'uwansa ya gama gyara murya. Na sunkuyar da kai ina kallon farantin. Da shirun ya yi tsawo sai na ji bakina yana cewa:

"Baba, ni dai ina ganin tsautsayi na. Toshiya takan ɓalle da kanta."

"Ban tambaye ka gani ba, Manu. Garba, ranarka ta. Wace ta?"

"Kawu, ni ba ni da kalma cikin huɗun ga."

"Ranarka ta ko ba ranarka ba ta?"

"Ranata ta."

"To zaɓi."

"Ba ni zaɓen abin da ban yi ba. Wanda yay yi shina da baki."

Nan Yaya Bala ya miƙe tsaye. Ya ce ai Garba ya faɗa da bakinsa gaban mutane cewa albasar ba za ta ga damina ba, ga ta kuwa ba ta gani ba, me ya rage a tambaya? Gwaggo Hajo ta ɗaga murya daga bayan ƙofa ta ce wasan taubasantaka ne, tun yaushe aka fara kai shi shari'a? Baba ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ya zuba wa Garba ido irin yadda ya saba, yana jiran ya hau matakin da kansa. Garba bai sunkuyar da kai ba, bai kuma sake kallona ba. Ni na san abin da ya riƙe shi, dokar Baba ce da ta hana nuna yatsa, ita yake bi. Baba kuwa ya ɗauka taurin kai ne.

"Da kac ce sakaci, da mun gama yanzu," in ji Baba a hankali. "Wanda yaƙ ƙi ɗaukar ƙarama, babba ta rage mai. A zuba mai nashi daban."

Kwana arba'in da wani abu Garba ya yi yana cin tuwonsa a bakin zaure, bayansa jingine da bango, mu muna ciki. Ina jin ƙarar cokalinsa a kwanon koko da safe. Yaya Bala bai kira shi ba. Ni kuma kowace rana nakan ce gobe zan faɗa, bari dai takardar kama aiki ta zo hannu tukuna. Takarda ta zo, Baba ya sa mini albarka, ya ce na fitar da albasata lafiya. Da aka yi shuka aka gama noman farko, Garba ya ɗaure kayansa a bayan keke, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce zai koma wurin dangin mahaifinsa a Kuberi. Bayan wata uku Gwaggo Hajo ta bi shi. Ba ta sake kwana a gidan yayanta ba sai ranar da aka yi masa wanka.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne aikin da na yi duk wannan dominsa ya kai ni Maiyama, maƙwabtan Kuberi. Ranar kasuwa nakan hango Garba ya kawo kaya, sai in faɗa wani shago in yi kamar ina taya sabulu. Shekara shida ina wannan ɓuya, har na auri uwarku aka haifi Nasiru. A ofis kuwa aikina shi ne rubuta rahoto, kuma ba abin da na fi ƙwarewa a kai kamar rarrabe kalmomin Baba. In aka ce fayil ya ɓace bisa kuskure, ni ne mai cewa a'a, wannan sakaci ne. Har suna aka sa mini a kan haka, ana yabona.

Da Baba ya fara ciwon da ya kwantar da shi, wata rana ina gyara masa matashi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yaron nan Garba bai taɓa yi masa ƙarya ba kafin ranar, abin yana damunsa. A wannan makon na hau babur na tafi Kuberi. Na tarar da shi a bayan gidansa yana ɗaura rudu, ya yi furfura kafin lokacinsa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Akawu! Sabulun ya ƙare a Maiyama?"

Ashe duk yana ganina. Na tsuguna a gabansa na fara kame-kame, ina cewa abin da ya faru shekarun baya, ƙaddara ce ta gitta. Ya ɗaga hannu daidai yadda Baba ke yi.

"Kalmar ga ba taka ba ta, tawa ta. Aje min ita. Wa ay yi, kuma wace ta?"

"Ni niy yi."

"Wace ta?"

"Sakaci na."

Ya ci gaba da ɗaurinsa, ya ja igiya da haƙori, ya zuba mini ido. Na hau matakin.

"Ruwan sakaci na. Abin da niy yi bayan ruwan, ganganci na."

"Yawwa," in ji shi. "Ruwan ko ni ya iya kuɓuce ma. Ban taɓa riƙe ka da ruwa ba, Manu. Na iske ƙasar da kaw watsa bisa toshiya tun washegari, na ce ƙyale shi, tsoro na, shina hwaɗi. Har a zaure ina cewa yanzu shi ka buɗa baki."

Na roƙe shi gafara. Ya ce tsakaninsa da ni ya yafe, ya sa aka kawo fura muka sha a ƙwarya ɗaya. Amma ya ce ba a bayan gidansa aka ɓata masa suna ba, a zauren Kawu ne, gaban uwarsa. In je can in faɗa a inda na yi shiru.

"Ran da kah hwaɗi, ɗauki kwanonka ka zamna bakin zaure," in ji shi yana dariya. "Ba ni barinka ka kwana biyu. Ni da kaina ni ka zuwa in kira ka."

Na dawo Aliero da niyyar faɗa a ranar. Na tarar jikin Baba ya yi tsanani, na ce ba yanzu ba, kada in ƙara masa. Bayan kwana tara ya rasu yana ɗauke da zaton da na bar masa. Garba ya zo jana'iza, ya zauna a waje cikin baƙi, ya tafi kafin a kawo abinci. Daga nan na ce bari a yi arba'in. Sai rabon gado ya taso, na ce ba lokacin tayar da tsohon zance ba ne. Sai Gwaggo Hajo ta rasu. Sai aurarrakinku suka fara, na ce kada surukai su ji. Duk sallah nakan aika wa Garba da shadda, shi kuma ya aiko mini da buhun albasa da saƙo ɗaya a bakin ɗan aike: a gaya wa Akawu har yanzu ana jira. Kowane uzuri na kawo a lokacinsa yana da kamar gaskiya, amma ba ɗaya a cikinsu da ya faɗo mini ba zato. Ni na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ido buɗe.

Bara da rani aka bugo waya daga Kuberi cewa Garba ya faɗi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan addu'ar bakwai na sami Yaya Bala a ɗakinsa, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na gaya masa komai tun daga babur ɗin da ya tsaya a titi. Da na gama, hawaye yana bin gemunsa.

"Albasa na yahe ma," in ji shi. "Albasa mi ta? Amma kwana arba'in yaron ga shina ci bakin ƙohwa, ni ina ciki ina jin daɗin hushina. Wanga kai kas sa ni. Kuma kiran ba nawa ba na, Manu. Ka san mai shi."

A daren ranar na ce wa uwarku ta zuba mini nawa daban. Ba ta tambaye ni ba, sai daga baya na gaya mata.

To ga abin da nake so. Nasiru, ran Juma'a mai zuwa ka ɗauki mota ka je Kuberi ka ɗauko 'ya'yan Garba, maza da mata, duk wanda ya yarda ya zo. Bayan la'asar a taru a zaure, matan gida su tsaya inda Inna da Gwaggo suka tsaya. Ka karanta wannan da ƙarfi tun daga farko, kada ka tsallake layi don kunyata, ina zaune zan ji. Daga ranar duk wanda ya sake cewa "abin da Garba ya yi" a gidan nan, ku gaya masa Garba aski ya je. In jikokina suka tambaya me kakansu ya yi, kada ku ce musu tsautsayi ne ko kuskure, kun dai ji yadda kakanku ya raba su, ku ba su kalmar da ta dace.

In an kawo abinci bayan an gama, za ku ga na ɗauki kwanona na fita bakin zaure. Kada tausayi ya sa wani ya ce in dawo ciki. Mutum ɗaya ne ke da wannan kiran, ya kuma yi shekaru yana jira in ba shi dama ya yi.